Kwalabe Huɗu Masu Jan Marfi

Luveve, Bulawayo
9 ga Maris

Mzala Mehluli,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki, yaya matarmu Palesa da ta riƙe mana kai a Johannesburg shekara goma sha tara, ko aronka ba ta ba mu? Mu nan lafiya ƙalau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har coci take zuwa da kanta. Ta ce in gaishe da ɗan yayanta da ya manta hanyar gida. Ruwan famfo kwana uku a mako, wuta kuwa sai ranar da ta ga dama. Ka san garinku.

Na kira wayarka har yatsana ya gaji. Kai mzala ne, taubashina, duk zagin da na yi maka halal ne, amma na ajiye shi sai mun haɗu. Tun da waya ba ta ɗaukar kwalba, ga takarda a hannun Baba Nkiwane direba, tare da kwali ɗaya. Ka buɗe shi a hankali.

Bayan rasuwar mijina Vusa na share garejinsa, na fitar da tsofaffin tayoyi, na kafa tankunan ƙarfe biyu. Shekara ashirin na yi ina auna tsami da zaƙi a kamfanin lemo kafin su rufe, na ce ilimin nan ba zai ruɓe a kaina ba. Giya nake dafawa, mzala. Jar dawa nake tsirarwa a kan buhu kamar yadda Gogo MaDube take yi muna yara, in busar da tsiron da hayaƙin itacen mopane, in sa 'ya'yan danya da ake kawo mini daga Kezi, sannan ɗan furen hof ɗin nan naku mai sa ɗaci. Na tace ta har kana hango yatsanka ta cikin kofi. Sunan kakarmu na sa mata: MaDube.

Wannan tukunya ta bakwai ce. Shida na farko kaji ma sun ƙi dusarsu. Ta bakwai kuwa da na kurɓa sai da na nemi kujera.

Ga abin da ya sa na dame ka. Akwai wani otal a Victoria Falls, mai sayen kayansu Mista Chikomo ya ɗanɗana ya yaba, amma ya ce Turawan da ke sauka wurinsu ba sa taɓa kwalbar da ba su taɓa jin sunanta ba. Ya ce in wani sananne ya faɗi kalma a kanta, zai karɓa duk wata. Na yi dariya a raina. Wane sananne ya wuce Mehluli Gumbo, mai shafi guda a mujalla duk mako, alƙalin gasar giya, yaron da Gogo ta taɓa kamawa da kansa cikin tulu?

Ba yabo nake roƙo ba. Ka sha ka gaya mini gaskiya, irin wadda kake gaya wa baƙi. In ta isa a rubuta ta, ka rubuta. In ba ta isa ba, ka ce mini ga inda ta gaza, in koma gaban tukunya.

Taubashiyarka,
Senzeni

Luveve
14 ga Afrilu

Mzala,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai tarin Mama da sanyin safiya ya tayar.

Baba Nkiwane ya je ya dawo sau biyu. Ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka kwalin, a ƙofar gidanka, har ka ba shi shayi. Na ce yaya ya gan ka? Ya ce ka rame kaɗan, kuma ba ka da surutu kamar da. Na ce to ba Mehluli ka gani ba.

Kwalba shida ce, ba rijiya ba. Mako biyar ya isa a shanye su. Chikomo ya kira ni shekaranjiya, na ce masa alƙali na kan nazari. Kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Senzeni

Johannesburg
2 ga Mayu

Mzala Senzeni,

Na gaishe ki gaisuwa irin ta wanda ya san ya yi laifi. Ki durƙusa wa Babakazi, gwaggona mahaifiyarki, a madadina, ki ce ɗanta bai manta hanya ba, hanyar ce ta yi tsawo. Ki riƙa dafa mata citta saboda tarin. Palesa lafiya, tana gaishe ku, tana nan da cocinta da ƙin giyarta. Sanyi ya fara shigo mana da wuri bana.

Kwalin ya iso ba wadda ta fashe. Takardar jikin kwalbar ta yi kyau. Na daɗe ina kallon sunan Gogo a rubuce, ita da ba ta taɓa rubuta shi da hannunta ba.

Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, uku suna kwandon shara. Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ta, kuma ban taɓa faɗin wadda ta fi ta nauyi ba.

Na sanyaya su daidai yadda ya kamata. Na wanke kofina na gasa, na zauna bakin taga da hantsi, lokacin da baki ya fi tsabta. Na zuba, launinta kamar zuma, kumfarta ta tsaya cak. Na kai hanci. Na kurɓa, na juya ta a baki, na haɗiye. Na sake. Washegari na buɗe ta biyu, bayan kwana biyu ta uku, har na gama shidan.

Ban ji komai ba, mzala. Ba ƙamshi, ba ɗaci, ba tsami, ba zaƙi. Kamar ruwan famfo mai sanyi.

Ke kaɗai na gaya wa wannan. Ko Palesa ba ta sani ba. Don girman Allah ya tsaya tsakaninmu, domin in ya fita, an shiga uku. Kin san irin aikina. Kada ki kira ni a kan maganar, ba zan iya yin ta da baki ba.

Naki,
Mehluli

Luveve
20 ga Mayu

Ranka ya daɗe alƙali,

Muna lafiya, mun gode da maganin citta. Mama ta ji daɗin gaisuwarka. Ta tambaye ni me ka ce kan giyar uwarta, na ce ka ce launinta kamar zuma. Ban yi ƙarya ba, ko?

Takardarka na karanta a tsaye cikin gareji, na sake karantawa a zaune. Ruwan famfo. Mu da muke ganin ruwan famfo kwana uku a mako, ai ka daraja ni.

Na gode kuma da ka rufa mini asiri, har matarka ba ka gaya wa ba. Na gane, sunanka ne abin tsoro. Kada abokan aikinka su ji cewa babban alƙali yana da 'yar'uwa a Luveve mai jiƙa dawa a gareji.

Na bi shafinka na shekara guda a waya, mzala. Wani yaro ɗan Cape Town ya dafa giya da ɓawon lemo, ka ba shi layi arba'in. Ka ji ƙamshin burodi, ka ji na ciyawa bayan ruwan sama, har ka ji wani abu wai ƙamshin tsohon sirdi. A giyar wani Bajamushe ka ji ayaba da kanumfari. Hancin da ya gano sirdi a cikin kofi, shi ne ya rasa hayaƙin mopane da ya tashi a cikinsa. Ko aibi ɗaya ba ka tsaya ka nemo mini ba. Da ka ce ta yi tsami, da na san abin gyarawa. Da ka ce ta yi ɗaci, da na rage hof. Amma babu komai? Wata takwas ina tashi tun asuba in juya tsiro.

To, ba komai, ni ma na ari kalmarka. Wasa ne tsakaninmu tun muna tsirara, ba yau za a fasa ba.

Ga kwalabe huɗu masu jan marfi, daga wata tukunya dabam. Musamman na ɗura maka su da hannuna. Duk Bulawayo ba wanda ya sha irinta, kuma ba wanda ya cancance ta sai kai. In ka sha wannan ma ba ka ji komai ba, to ka je likita ya duba ka.

Ina jiran jin muryarka.

Senzeni

Johannesburg
11 ga Yuni

Mzala ta kaina,

Gaisuwa da godiya. Ina fatan Babakazi ta warware sarai. Mu nan lafiya, ni kuwa na fi kwanakin baya sauƙin zuciya, kuma ke ce sanadi.

Na ji tsoron buɗe takardarki. Da na karanta, zagi ne tun daga sama har ƙasa, sai na san kina nan yadda na san ki. Ke ba kya iya cewa sannu sai kin haɗa da duka. Maganar likita kuwa na ji, kin yi gaskiya, na daɗe ina gudunta. Na karɓi rana a watan gobe.

Da kika ce ba wanda ya cancanci masu jan marfin sai ni, bayan abin da na gaya miki, sai da na fita tsakar gida na ɗan tsaya. Na ce matar nan ta ba ni mafi kyawun abin da hannunta ya yi, ni ma zan ba ta abin da ya rage mini, wato alƙalami da suna. Na buɗe ɗaya na sha, na rufe ido na koma ɗakin girkin Gogo a Kezi, na rubuta. Ga shafin na yanko miki, ya fito ranar Juma'a. Ki duba inda na ja layi:

“Ka kai ta hanci, hayaƙin mopane ne zai fara yi maka maraba, a bayansa ƙamshin danyar da ta nuna ta faɗo da kanta. A baki tana da taushi. Zaƙinta ba ya gaggawa, ɗacinta ba ya zaman dirshan. MaDube mai jan marfi ita ce giya mafi tsabta da ta ƙetaro kogin Limpopo bana.”

Ki tura wa Chikomonki, ya rataya a bango.

Ban tsaya nan ba. Ranar Asabar, 18 ga wata, akwai zaman da muke yi sau biyu a shekara, marubuta da alƙalai da masu manyan mashaya, kowa ya zo da abin da ya gano. Na ajiye ukun da suka rage. Da hannuna zan zuba musu. Ki shirya tanki na uku, mzala, biyu ba za su ishe ki ba.

Naki har kullum,
Mehluli

Luveve
24 ga Yuni

Mehluli,

Lafiya muke. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa.

Motar Baba Nkiwane ta lalace a Musina, ya yi kwana tara yana jiran ƙarfe. Jiya da la'asar takardarka ta shigo hannuna, kwana biyar bayan Asabar ɗin. Shafin kuwa tun ranar da ya fito Chikomo ya turo mini a waya yana murna. Na karanta na ce gatse kake mini, ka rama wasa da wasa, na kira ka ba ka ɗauka ba. Ban san da maganar zama ba sai jiya.

Tun jiyan nake kira, wayarka a kashe. Ta Palesa tana shiga ba a ɗauka.

Masu jan marfin nan lalatattu ne. In Allah ya sa an ɗaga zaman, ka zubar da su a kwata, kada ka ba ko kare. In kuwa an yi, ka gaya mini abin da ya faru.

Na koma kan takardarka ta Mayu, na karanta ta sau uku. Mehluli, me ya sami hancinka?

Senzeni

Johannesburg
15 ga Yuli

Senzeni,

Na sami takardarki. Ina fatan ke da Babakazi kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Palesa ta koma yi mini magana shekaranjiya.

Ba a ɗaga zaman ba. Kin ce in gaya miki, to saurara.

Mu goma sha huɗu ne a dogon teburi, a wata tsohuwar ma'ajiyar kaya da aka mayar mashaya, da rana tsaka. Editana na nan. Ntate Molefe na nan, dattijon da muka shekara goma muna alƙalanci kafaɗa da kafaɗa. Akwai Anneke Fourie, mai rubutu a wata jarida, wadda ta daɗe tana ganin shafina ya fi dacewa da ita. Da layi ya zo kaina na miƙe, na yi jawabi kan dawa da danya da matan da suka dafa giya shekara ɗari ba wanda ya rubuta sunansu. Har tafi aka yi mini.

Ta farko da na buɗe ta yi tsartuwa, kumfa ta malale kan takardun mutane. Ɗan koyo ma ya san abin da wannan ke nufi. Ta gida ma haka ta yi, har Palesa ta leƙo ta ce, “Me ya mutu a ɗakin girkin nan?” na ce mata haka danya take. Na ce wa teburi wahalar hanya ce. Na bi kowa na zuba masa, na ɗaga kofina na shanye rabi, na lumshe ido.

Da na buɗe ido ba wanda ke sha. Wani ya tofar a cikin hankici. Ntate Molefe ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce, “Mehluli, zauna.”

Anneke ta ce, “Gumbo, wasa kake mana?”

Na ce, “Wane irin wasa?”

Ta ce, “Shinshina ka gaya mana abin da ka ji.”

Na shinshina. Na ce hayaƙin mopane, da danya nunanniya.

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Ta ce, “Wannan warin amai ne da ruwan kal. Ita ce ka ce ta fi kowace tsabta bana. Ko dai an saye ka, ko hancinka ya mutu. Zaɓi ɗaya, ina rubutawa.”

Na duba editana, ya duba ƙasa. Na ce hancin ne.

“Tun yaushe?”

Na ce tun murar nan da ta kwantar da ni bara, wata goma sha huɗu. Na tashi daga jinya na tarar kofi da ruwan zafi duk ɗaya ne a bakina. Na ce zai dawo mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zama shekara.

Ina ganinsu suna lissafi da ido: gasa biyu na yi alƙalanci, shafi kusan sittin na rubuta. Takardar jikin kwalba nake karantawa, in dubi launi, in saurari abin da na kusa da ni ya ce, sauran in ciko daga tuna baya. Wani mai dafawa da na kushe giyarsa a watan Nuwamba ya tashi, ya tura kujerarsa, ya fita. Shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ntate Molefe ya so ya taimake ni, ya ce, “To wa ya ba ka wannan abin? Wa ke dafa ta?” Na ce 'yar gwaggona ce. Anneke ta ƙara layi ɗaya a littafinta.

Ranar Litinin aka karɓe shafin. Ƙungiyar alƙalai ta aiko takarda. Palesa a jarida ta karanta cewa mijinta ya shekara yana yaba girkinta bai san abin da yake ci ba.

Laifina na ɗauka, ba na neman mai taya ni. Amma na gaya miki tun Mayu, da kalmomin da na iya. Na ce ke kaɗai na gaya wa. Wa ke roƙon a rufa masa asiri don giyar wani ba ta yi daɗi ba?

Tambaya ɗaya gare ni. Kin ce lalatattu ne. Bayan kin aiko kika gane, ko tun kina ɗurawa kin sani?

Mehluli

Luveve
2 ga Agusta

Mehluli,

Muna lafiya. Mama ta daina tari. Ka gaishe da Palesa, in za ta karɓa daga gare ni.

Na sani. Tun ina ɗurawa na sani.

Tukunya ta tara ce. Makon da wuta ta yi kwana huɗu ba ta zo ba ta yi zafi ta juya. Ranar da zan zubar da ita takardarka ta iso. Na ɗura huɗu, na sa musu jan marfi don kada su shiga cikin masu kyau, sauran na tuntsurar a kwata har maƙwabta suka rufe tagogi. Ina ɗurawa ina hango ka: ka kurɓa, ka tofar a kan rigarka mai tsada, ka ɗauki waya karo na farko cikin wata uku ka zage ni tas, ni kuma in ce, ashe kana ji. Iyakar abin da na shirya ke nan. Ba zan ce maka wasa ne zalla ba. Na so ya yi maka zafi.

Yanzu ji nawa. Rubutun Anneke ya riga motar Nkiwane isowa, a waya ya zo, da hoton kwalbata da sunan Gogo ɓaro-ɓaro. Chikomo ya janye. Na ɗauki kwalba goma sha biyu na tukunya ta goma, wadda ta fi ta bakwai, na hau bas na awa bakwai zuwa Victoria Falls. Na ajiye a gabansa na ce ya buɗe duk wadda ya ga dama.

Ya ce, “Mama, na yarda tana da daɗi, ai na taɓa sha.”

Na ce, “To buɗe.”

Ya ce, “Baƙina waya suke karantawa kafin su karanta kwalba. Ki yi haƙuri.”

Ko marfi ɗaya bai taɓa ba. Na dawo da su yadda na kai su. Mashaya biyu na cikin gari da ke karɓar kaɗan-kaɗan su ma sun ce in dakata. A kasuwa wata ta tambaye ni ko gaskiya ne giyata ta kwantar da Turawa a asibiti.

Makon jiya na jiƙa kwalabe a baho ina ɓare takardunsu. Mama ta fito da sandarta ta tsaya a kaina, sunan uwarta na yawo a kan ruwa, guda ɗari uku. Ta ce, “Ku biyun nan tun kuna yara ba ku san inda wasa ke ƙarewa ba.” Ta koma ɗaki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ka ce ka gaya mini. Ba ka gaya mini ba, Mehluli. Shafi sittin ka rubuta wa baƙi a kan ƙamshin da ba ka ji ba, amma kalma uku, hancina ya mutu, ka kasa rubuta wa 'yar gwaggonka. Ka bar ni in tsinto ta a tsakanin layi, kuma ka hana ni kira. Da ka faɗa, da na hau motar Nkiwane na zo na zauna kusa da kai a kowane teburi, in sha in raɗa maka. Sannan ko da masu jan marfin lafiyayyu ne, yabon da ka yi musu ƙarya ne. Gaskiya na roƙe ka, ka ba ni tatsuniyar ɗakin Gogo. Har yau ban san abin da Mehluli na da zai ce kan giyata ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Na cuce ka da sani, ka cuce ni da kyakkyawar niyya. Ban ga wanda ya fi wani asara ba.

Akwai saƙon dattawa. Shekara ta zagayo da binne Malume, kawuna mahaifinka. Sun sa Asabar ta biyu a watan Satumba don bikin dawo da ruhinsa gida, a Kezi. Kai ne babban ɗa, ba a yi sai da kai. Mama ba ta iya tsayuwa gaban wuta, don haka giyar bikin ni aka ɗora wa, ta gargajiya, a tulu, kwana bakwai. Ban nema ba, ban kuma isa in ƙi ba. Na gaya maka tun yanzu don ka san hannun da zai miƙo maka.

Senzeni

Johannesburg
21 ga Agusta

Senzeni,

Na gaishe ki, na gaishe da Babakazi. Muna lafiya.

Na ga likita. Ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, kuma wanda ya wuce shekara kada ya sa rai da yawa. Ntate Molefe ya samo mini aiki a wurin wani mai dafawa a Germiston, ina wanke ganguna. Sun ce na dace da aikin, tun da warin ba ya damuna.

Na gode da ba ki ɓoye ba. Na karanta inda kika ce da kin zo kin zauna kusa da ni kina raɗa mini. Na yarda da kin yi. Shi ya sa sauran takardar ta fi ciwo.

Ki gaya wa dattawa zan iso Kezi ranar Alhamis, ni kaɗai. Zan yi wa mahaifina duk abin da ya wajaba. Zan zauna cikin maza, in an tambaye ni yaya giya, in ce a tambayi masu baki. A gaban mutane ba za ki ga canji a fuskata ba, kada Babakazi ta ƙara shiga damuwa.

Abu ɗaya nake nema. Kin san al'ada, mai dafawa ita ke fara kurɓa a gaban baƙo kafin ta miƙa masa tulu, don ya san ba komai a ciki. A gidanmu ba a taɓa yi wa na gida haka ba, dariya ma ake yi in wani ya fara. Ni yanzu ba ni da hanci, ba ni da harshe, abin da aka miƙo mini shi nake haɗiyewa.

In kin kawo tulun gabana, ki fara sha ina kallo.

Mehluli Gumbo